Tokyo Olympiad: Fim Ɗin Da Ya Ɓata Wa Minista Rai

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin masu mulki da masu fasaha wadda har yau ba ta kwanta ba. Idan hukuma ta fid da kuɗinta ta ce a ɗaukar mata hoton wani babban sha'ani, shin wa ya kamata hoton nan ya yi wa hidima, hukumar da ta biya ko kuwa mutanen da sha'anin ya auku a kansu? Wurin da wannan gardama ta fi fitowa fili shi ne kan wani fim na ƙasar Japan mai suna Tokyo Olympiad, wanda Kon Ichikawa ya shirya a kan wasannin Olamfik na 1964, aka fara nuna shi a 1965. Mun ga ya dace mu tattauna shi a wannan shafi, domin a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ma'aikatun watsa labarai da na wasanni, su ne za su sa hannu a takardar kuɗin irin wannan aiki. Ra'ayinmu kuwa shi ne Ichikawa ya fi waɗanda suka ɗauke shi aiki gaskiya, ko da yake su ma ba su rasa tasu hujjar ba.

Kafin a gane nauyin da aka ɗora wa mutumin nan, tilas a san halin da Japan take ciki a lokacin. Tun da fari an ba birnin Tokyo wasannin 1940, amma yaƙin da Japan take yi da Sin ya sa ta janye a 1938. Daga nan yaƙin duniya na biyu ya zo ya wuce, jiragen Amurka suka ƙone yawancin Tokyo a 1945, aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Saboda haka sa'ad da aka buɗe wasannin ran 10 ga Oktoba 1964, shekara 19 kacal bayan wannan masifa, Japanawa sun ɗauki abin a matsayin ranar da za su nuna wa duniya sun miƙe. Wannan ne karo na farko da aka yi Olamfik a nahiyar Asiya. Ƙasashe 93 suka zo da 'yan wasa fiye da 5,000. An gina sababbin tituna da filaye, jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen ya fara aiki ran 1 ga watan. Abin da mahukunta suke so fim ya nuna ke nan: gine-gine, da tutoci, da lambobin da 'ya'yansu suka ci.

Da farko Akira Kurosawa aka yi niyyar ba aikin, amma ba su daidaita da masu shirya wasannin ba. Sai aka juya ga Ichikawa, mutumin da ya yi suna wajen finafinan ƙagaggun labarai, cikinsu har da guda biyu masu nuna ɗacin yaƙi, ɗaya a 1956, ɗaya a 1959. Shi ba ma'abocin wasanni ba ne, kuma wannan ya amfane shi, gama ya shigo filin da idon baƙo, yana mamakin abubuwan da 'yan jaridar wasanni suka saba gani har suka daina lura da su. Ya zauna da matarsa Natto Wada da waɗansu marubuta, cikinsu har da mawaƙi Shuntaro Tanikawa, suka rubuta tsarin fim ɗin tun ba a fara wasa ko ɗaya ba. Ya baza masu ɗaukar hoto 164 a filaye, suka tara hoton da ya kai wajen sa'a 70, daga ciki ya tace minti 170. Duk wanda ya auna waɗannan alƙaluma zai ga cewa abin da aka zubar ya ninka abin da aka ajiye fiye da sau 20. Ashe babban aikin mai shirya irin wannan fim shi ne zaɓe, kuma a wurin zaɓen nan ne ake gane hankalinsa da inda zuciyarsa ta karkata.

Tun daga buɗewa mai kallo yake gane ba irin majigin gwamnati da aka saba ba ne. Rana ce ta cika allo, sa'an nan sai ga wata ƙatuwar dunƙulen ƙarfe tana rushe tsofaffin gine-gine domin a sami wurin sababbi. Ba a ce kome ba game da waɗanda suka zauna a gidajen nan, amma mai hankali ya fahimci cewa biki yana da kuɗinsa, kuma akwai mai biya. Daga nan aka bi wutar Olamfik tana ratsa ƙasashe har ta iso Japan, ta bi ta Hiroshima. Saurayin da ya kunna ta a babban fili, Yoshinori Sakai, an haife shi a lardin Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, watau ranar da aka jefa bam ɗin. Ichikawa bai tsaya yi mana wa'azi a kan wannan ba, ya bar mu mu kalli yaron yana hawan matakala da wuta a hannu.

Dabara ta farko da ta ɗaukaka fim ɗin ita ce amfani da dogayen gilasan kyamara masu jawo nesa kusa. Da irinsu mai ɗaukar hoto yakan tsaya can nesa, ɗan wasa bai san ana kallonsa ba, amma fuskarsa ta cika allo har ana ganin zufa tana gangarowa. Mutum kuwa idan ya san ana ɗaukarsa yakan gyara tsayuwa ya ɓoye tsoronsa. Idan bai sani ba sai halinsa na ainihi ya fito. Ta haka muka ga wani mai jifan dalma na Tarayyar Sobiyat yana ta 'yan tattaɓe-tattaɓe da jujjuya dalmar kafin ya jefa, kamar mai yin wata tsatsuba, ga shi ƙato amma hankalinsa a tashe. Ta haka kuma muka ga 'yan kallo, tsofaffi da yara, kowa da irin yadda abin ya taɓa shi. Wani amfanin gilashin shi ne yakan dusashe duk abin da ke bayan mutum, sai taron dubbai ya zama hazo, ɗan wasa ya rage shi kaɗai. Gaskiyar lamarin ke nan, domin a lokacin da aka harba bindigar tashi babu mai iya taimakonsa.

Dabara ta biyu ita ce rage saurin hoto ya koma tafiyar hawainiya. Tseren mita 100 na maza, wanda Bob Hayes na Amurka ya ci cikin daƙiƙa 10.0, abu ne da ido ba ya iya kamawa, kafin mutum ya gyara zama an gama. Ichikawa ya ja lokacin nan ya miƙar da shi, ya daɗe a kan fuskokin masu tseren tun suna jiran tashi, har muka ga cewa rabin tseren a cikin zuciya ake yinsa kafin ƙafa ta motsa. Yau kowane gidan talabijin yana rage saurin hoto, har abin ya zama gishirin da ya yi yawa a miya. Bambancin shi ne su suna yi domin a tabbatar ko ƙwallo ta haye layi, shi kuwa ya yi domin a ga abin da jikin ɗan Adam yake sha kafin ya kai ga abin da muke tafa wa.

Dabara ta uku, wadda masu koyon sana'ar nan suka fi mantawa da ita, ita ce sauti. A wurare da yawa an kashe hayaniyar taro ɗungum, aka bar ƙarar takun ƙafa, ko numfashi, ko igiya tana bugun sandar tuta. Toshiro Mayuzumi ne ya tsara kiɗan, amma shirun da ke cikin fim ɗin bai gaza kiɗan aiki ba. Mai bayani ma ba ya cika baki, yakan faɗi kaɗan ya ja bakinsa. Mu da muka saba da mai sharhi wanda ba ya barin daƙiƙa guda ta wuce bai cusa mana magana ba, wannan darasi ne babba: idan hoto ya isa, surutu rage masa ƙarfi yake yi.

Amma duk waɗannan dabaru kayan aiki ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa aka juya wa kyamara. A tsakiyar fim ɗin Ichikawa ya bar zakaru ya bi wani saurayi daga maƙwabciyarmu Cadi, Ahmed Issa, mai tseren mita 800. Ƙasarsa shekararta 4 da samun 'yancin kai, wannan ne zuwanta Olamfik na farko, kuma 'yan wasa biyu kaɗai ta iya turawa. Muka gan shi yana motsa jiki, muka gan shi yana cin abinci shi kaɗai a babban ɗakin cin abinci, ga jama'a ko'ina amma ba abokin hira. Ya kai zagayen kusa da na ƙarshe, a nan aka fitar da shi. A wannan tseren dai Peter Snell na New Zealand ne ya ci zinariya, Wilson Kiprugut kuma ya samo wa Kenya lambarta ta farko, ta tagulla. Da mai neman labarin nasara ne da can ya nufa. Shi kuwa ya zaɓi baƙon da ya zo daga nesa ya koma hannu wofi, domin ya san cewa a cikin 'yan wasa 5,000 mafi yawa haka za su koma, kuma labarinsu shi ne labarin taron. Haka nan a tseren mita 10,000 bai tsaya kan Billy Mills da ya ci ba, ya jira ɗan ƙasar Silon da ya zo na ƙarshe, yana zagaya fili shi kaɗai bayan kowa ya gama, jama'a suna yi masa tafi.

Ko ga 'yan ƙasarsa bai yi son kai ba. Judo wasan Japanawa ne, a shekarar nan aka fara sa shi cikin Olamfik, amma a ajin da ba a ƙayyade nauyi ba Anton Geesink na Holan ya danne Akio Kaminaga a gaban mutanensa. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba. Sa'ad da kuma 'yan matan Japan suka doke Tarayyar Sobiyat a ƙwallon raga, ƙasa duka ta ɗauki sowa, kyamara ta juya ga mai horar da su, Hirobumi Daimatsu, yana zaune shiru kamar wanda aka sauke wa kaya bai san inda zai sa kansa ba. Duk wanda ya taɓa gama babbar jarrabawa bayan shekaru na wahala ya san wannan zaman.

Ƙololuwar fim ɗin ita ce gudun famfalaƙi na kilomita 42 da 'yan kai, ran 21 ga Oktoba. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci wannan tsere a Rum a 1960 ba takalmi, ya zo Tokyo makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya kafa sabon tarihi na duniya, ya ba na biyu ratar fiye da minti 4, ya zama mutum na farko da ya ci tseren sau biyu. Ichikawa ya sa kyamara a gefensa ta bi fuskarsa na tsawon lokaci cikin tafiyar hawainiya, ba yanka, ba gaggawa. Fuskar nan ba ta nuna wahala ba ta nuna murna, sai natsuwa kamar ta mai lazimi. Da ya ƙetare layi sai ya koma kan ciyawa yana miƙe gaɓoɓi kamar bai yi kome ba. A bayansa kuwa an nuna sauran bayin Allah, wani ya tsaya wurin ruwa yana kwankwaɗa, wani ya zauna bakin hanya, waɗansu an cire musu takalma ƙafafu duk sun yi bororo. An nuna kuma yadda Basil Heatley na Ingila ya wuce Kokichi Tsuburaya na Japan a cikin fili, saura ƙiris a gama. Mai kallo na yau ya san abin da masu kallon 1965 ba su sani ba: Tsuburaya ya kashe kansa a 1968, Bikila ya yi haɗarin mota a 1969 ya shanye, ya rasu a 1973. Saboda Ichikawa ya kalli fuskokinsu da kyau, har yanzu muna iya saduwa da su a matsayin mutane.

To, da aka nuna fim ɗin ga manya kafin a sake shi, Ichiro Kono, ministan da aka ɗora wa sha'anin Olamfik, bai ji daɗinsa ba, ya kuwa faɗa a fili. Ƙorafinsa shi ne an ba da kuɗi domin a ajiye tarihi, an kawo fasaha. Jaridun Japan suka ɗauki muhawara a kan ko fim na hukuma rijista ne ko aikin fasaha, shahararriyar 'yar wasan fim Hideko Takamine ta fito ta kare Ichikawa. A ƙarshe aka yi 'yan gyare-gyare, sa'an nan aka ɗauki hotunan da aka tara aka haɗa wani fim dabam mai bin sakamakon wasanni, ya fito a 1966. A Amurka kuma masu rarrabawa suka datse na Ichikawa ya koma minti 93.

Adalci ya sa mu ce ministan ba shirme ya faɗa ba. Kuɗin jama'a ne, kuma a zamanin da ba kowa ke iya adana hoton talabijin ba, fim ɗin hukuma shi ne madogarar masu zuwa. Mu kanmu muna da dalilin jin wannan ƙorafi. A Tokyo ne Nojim Maiyegun ya samo wa Nijeriya lambar Olamfik ta farko, tagulla a damben zamani. A can ne kuma Nijar ta fara halarta, da ɗan dambenta Issaka Daboré, wanda daga baya ya ci tagulla a Munich a 1972. Wanda ya zo wa fim ɗin nan da niyyar bin damben daki-daki zai tashi da ƙishirwa, gama rabon da aka ba dambe kaɗan ne. Bugu da ƙari, tsarin da aka rubuta tun kafin wasa yana da haɗarinsa. Sanannen hoton nan na mai ɗauke da wuta yana gudu a gindin dutsen Fuji dabam aka shirya shi aka ɗauka. Wanda ya ce zai nuna gaskiya, sa'an nan ya gyara mata zama domin ta yi kyau, ya taka wata iyaka da ya kamata a yi hattara da ita.

Duk da haka ba mu bi bayan ministan ba, ga dalilinmu. Sakamakon wasa abu ne da takarda take iya riƙewa. Wanda ya zo na ɗaya, da daƙiƙa nawa, da tutar da aka ɗaga, duk suna cikin littattafan hukumar Olamfik, kowa na iya dubawa. Abin da takarda ba ta iya riƙewa shi ne rawar leɓen mai jiran bindiga da kaɗaicin baƙo a ɗakin cin abinci, kuma domin irin wannan ne aka ƙirƙiro kyamara. Lokaci ma ya yanke hukunci: fim ɗin 1966 mai bin sakamako ba kasafai ake tuna shi ba, na Ichikawa kuwa an sabunta shi, ana koyar da shi a makarantun fim, shekara 60 bayan fitowarsa. Abin dariya shi ne fim ɗin da aka ce bai yabi Japan sosai ba shi ne ya fi jawo mata mutunci, domin ƙasar da ta iya nuna faɗuwar ɗanta a gaban baƙi ta nuna ta warke daga cutar girman kai.

Idan ana son a ga inda ɗaya hanyar take kaiwa, sai a dubi Olympia, fim ɗin da Leni Riefenstahl ta yi a kan wasannin Berlin na 1936 da kuɗin gwamnatin Hitler, ya fito a 1938. Ba mai musun gwanintarta, ita ce ta buɗe hanyoyi da yawa na ɗaukar wasanni, kuma ta nuna Jesse Owens da lambobinsa. Amma kyamararta tana son ta kalli ɗan wasa daga ƙasa ta mai da shi gunki, jiki mara aibi wanda ba ya gajiya. Irin wannan kallo ya dace da mulkin da yake raba mutane gida biyu, masu daraja da marasa amfani. Ichikawa, wanda ya ga inda wannan tunani ya kai ƙasarsa, ya sauko da kyamara daidai idon mutum, ya bar gajiya da tsoro su shiga hoto. Ashe wurin da aka kafa kyamara ma magana ce ta siyasa.

Yanzu sai mu waiwayo gida, tun da waiwaye adon tafiya ne. Iyayenmu sun san majigi, motar gwamnati mai zuwa ƙauye da dare ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Daga wannan gado muka ɗauki wata al'ada da ba ta sake mu ba, watau hoton hukuma aikinsa ya nuna babban baƙo. Je ka kalli yadda ake ɗaukar yawancin bukukuwan wasanninmu: isowar manya, jawabin shugaban taro, jawabin mai masauki, miƙa kofi, sa'an nan 'yan mintoci na wasan kansa, daga nesa, kamar an tuna da shi ne a makare. Alhali kuwa abin ɗauka yana nan jibge. Legas ta karɓi wasannin Afirka a 1973, Abuja a 2003. Nijar tana gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, inda ake ba zakara takobi. Ga dambenmu na gargajiya, wanda ke da duk abin da mai kyamara yake nema: naɗin zare a hannu, kirari, kalangu, tsayuwar nan ta kallon-kallo kafin a kai naushi, da fuskar wanda ya faɗi sa'ad da abokansa suke ɗaga shi. Shago ya rayu a zukatan jama'a domin Ɗan Anace ya waƙe shi. Makaɗan nan sun yi nasu aikin da abin da suke da shi, saura masu kyamara.

Ba za mu fake da rashin kayan aiki ba. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau tana rage saurin hoto, tana ɗaukar sauti, abin da a 1964 sai da manyan na'urori da ma'aikata. Finafinanmu na Hausa sun nuna akwai masu hannu da masu kallo. Abin da ya rage shi ne haƙuri da shiri: mutum ya san wasan kafin ya je, ya isa fili tun ana share shi, ya zauna bayan taro ya watse, ya yarda ya zubar da kashi 20 domin ya ajiye ɗaya, ya kuma nemi yardar waɗanda yake ɗauka ya kiyaye mutuncinsu, musamman wanda aka kayar.

Saboda haka muna da roƙo biyu. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, a nemi cikakken fim ɗin nan mai minti 170 a nuna shi a babban ɗakin taro, a gayyaci 'yan sashen aikin jarida da na wasan kwaikwayo da 'yan wasanmu, a yi muhawara bayan an gama, gama gani ya kori ji. Ga 'yan'uwanmu kuma da suka riga mu kama aikin gwamnati, ranar da takardar irin wannan aiki ta iso teburinku, ku raba ta biyu. Ku sa a ajiye cikakkiyar rijista, kowane wasa da sunan kowane ɗan wasa, a adana ta inda ruwa da gara ba za su ci ba. Sa'an nan ku nemo mai fasaha ku ba shi nasa kason, ku sakar masa mara, ko da zai dawo muku da hoton yaron da ya zo na ƙarshe maimakon na mai girma babban baƙo. Watakila ran ku ya ɓaci kamar na Minista Kono, amma jikokinku za su gode muku. Allah ya ba mu idon gani da zuciyar adalci, amin.